Akwatin Ƙahon Baba

Ina aji biyu a lakwal, wata la'asar a Tawa, Baba yana goge ƙahonsa na tagulla da toka da lemun tsami. Har yau ina jin ƙamshin. Mai busa ne a ƙungiyar jaz, ga motarsu a tasha za su Agadas wasa.

Kakana, mahaifin Baba, ya shigo babu sallama.

"Gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba. In ka hau motag ga, gonar ƙauyen Barmu ta hita hannunka. Kuma wa zai auri ɗiyar mai busa?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Malam, ban roƙi kowa ba. Abokaina na jira, in babu ni babu wasa."

Kaka ya juyo gare ni. "Ke, gaya mishi kunya kike ji."

Ni mai tsoro ce, har yanzu in na kulle ƙofa sai na koma na duba. Amma ranar na ɗora akwatin ƙahon a kaina, na ratsa tsakiyar kasuwa har tasha, kowa na kallo.

Baba ya hau motar, gonar ta tafi. Nakan nemi gafara ko a kan abin da ban yi ba, amma ban da wannan.