Maƙerin Bakin Kwalbati

Yaya, tunda ka ce kwashe shara aikin hukuma ne, bari in ba ka misali.

A wata unguwa da ke kan gangare, mutane ba sa zubar da shara sai hadari ya haɗo. Da ruwa ya sauko, kwata ta fara gudu, sai ka ga kowane gida an fito da kwando ana juyewa a ciki, wai ruwa ya tafi da ita. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ruwan ke kai ta. Can ƙasan gangaren yake kai ta, bakin kwalbati, inda wani tsohon maƙeri ke zaune a gidan ƙasa, yana narka gwangwani yana ƙera tukwane. Duk ruwan da aka yi, shi ke shiga har gwiwa da manjagara, ya tsamo gwangwani ya ajiye, ya janye leda da tsumma don ruwa ya samu hanya. Ya bi masallaci, ya bi teburin mai shayi, yana roƙon a yi gayya ko sau ɗaya kafin damina ta yi nisa. Wannan ya ce ba shi da shebur, wancan ya ce bayansa na ciwo, samari suka laƙaba masa Sarkin Bola. Mai kanti ma cewa ya yi ai taimakonsa ake yi, tunda kayan sana'a ake turo masa kyauta. Tsohon ya ce, "Leda ba ta zama tukunya, ɗana. Ƙafata kuma ta fara gajiya."

Wata la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya juye kwandonsa, tsoho ya shiga shi kaɗai kamar kullum. Kwalbati ya toshe, ruwa ya kwanta, ya ci gindin katangarsa, katangar ta rufta a kansa. Ka san abin da ke ci mini rai, Yaya? Shebur ɗin da aka ce babu, ranar nan sai ga su, har da diga da baro. Da su aka tono shi, da su aka haƙa masa kabari. Ruwan kuma da ya rasa hanya sai ya ja da baya, ya mayar wa mutane shararsu har cikin ɗaki.

Daga nan aka fara gayya duk Asabar. Mata na ware roba da gwangwani, samari na kai wa masu saye, ɓawo da toka na tafiya lambu. Sauro ya ragu, mai ƙosai ta dawo bakin hanya, inda da juji ne yanzu yara ke buga ƙwallo. Kuma aikin, kafin rana ta take an gama. Abin da bawan Allah ya yi ta roƙo ke nan, hantsi guda. Yanzu baƙi na yabon unguwar, manya na gyara zaman hula. Ni dai in na ji ƙamshin ƙasa na ruwan fari, sai in tuna da tsohon nan. Kada wani ya ce bai sani ba, don tun muna goye ake faɗa a kunnenmu: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.