Farantin Diwali

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu sha labari.

Samarin jam'iyya riƙe da sanduna sun cika ƙofar maƙwabciyar wata tsohuwa 'yar Hindu, wai sai an sauke tauraron takarda na Kirsimeti, ba al'adar Indiya ba ce. Jagoransu kuwa ɗan tsohuwar ne na cikinta. Tsohuwa ta zauna, ta tashi, ta leƙa, ta koma. Can dai ta ja gefen zanenta na sari ta rufe kai, ta ratsa su.

"Ke 'yar'uwa! Ina farantin da na aiko miki da alawar bikin Diwali? Ko har shi kika cinye?"

A unguwar nan ba a mayar da faranti wayam. Ƙofa ta buɗe kaɗan, hannu ya miƙo shi, shaƙe da kek.

"Inna, koma gida," in ji ɗan, ƙasa-ƙasa.

"Karɓi, shugaba. Hannu biyu! Da kake wawurar kek ɗin matar nan kana rarrafe, ka tambayi addininsa?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya jingine sandar.

Samari suka watse suna tauna, tauraro ya kwana a wurinsa, faranti kuwa yana gidan tsohuwa yana jiran Diwali.