An Sa Anasara a Bakin Ƙofa

Rabi'u direba ne ya fara kawo maganar a taron iyayen yara. Shi ne shugaban iyaye a wata lekol, makaranta mai zaman kanta, a Madarumfa. Ɗiyarsa Lantana tana ajin ƙarshe, kuma ita ce ta farko a zuriyarsu da za ta zauna jarrabawar birebe ta kammala ƙaramar sakandare.

"Na ga wata lekol a Maradi," ya ce. "Darektansu Anasara ne. Motocin manya har bakin titi. Mu kuwa wa gare mu? Kwami."

Mushe Kwami, wato Malam Kwami a bakin 'yan lekol, mutumin Togo ne, baƙi wuluk, siriri. Shekara tara yana riƙe da makarantar. In ya ratsa kasuwa a kan tsohon motonsa, babur mai hayaƙi, masu shayi su ce ga Gawayi nan. Yana ji. Bai taɓa waiwayowa ba.

A lokacin akwai wani Anasara a gari. Aikin famfunan lambu ya kawo shi bakin tafki, aikin ya ƙare, bai tafi ba. Rabi'u da mai makarantar, Alhaji Ɗan Baba, suka same shi. Mutumin bai ɓoye musu komai ba. Ya ce shi injin ban ruwa ya sani, bai taɓa riƙe alli ba.

"Ba komi," in ji Alhaji. "Kai dai ka tsaya bakin ƙofa da sahe, a gan ka."

Aka kuwa gan shi. Cikin wata guda benci ya kasa ɗaukar sababbin yara. Aka ba shi biro, wato ofishin darekta, aka ba shi ɗakin da Kwami yake kwana a ciki, aka mayar da Kwami ajin ƙanana.

Wata Talata Kwami ya iske Rabi'u a tasha, ana yi masa lodi.

"Malam Rabi'u, ba kujera na zo nema ba. Lokacin dosiye ya kusa, takardun yara na shiga jarrabawa. Ku bar mini wannan aikin kawai. Akwai abin da sai wanda ya san yaran."

Rabi'u bai ko sauko daga mota ba.

"Mushe, Anasara za ka koya wa takarda? Kakanninshi suka kawo ta."

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Kwami ya juya. Kafin hutun ƙarshen shekara ya ɗaure kayansa ya bar garin. Ba wanda ya raka shi.

Abin da Kwami ya so faɗi ƙaramin abu ne. Yaranmu da yawa suna biyu gare su. Lantana ba sunan yankanta ba ne. Sunan mahaifiyar Rabi'u aka sa mata, Zahara'u, shi ya sa ba mai furta shi a gidan. A aji Lantana ce, a takardar haihuwa Zahara'u. Haka Ɗanjuma, haka Asabe, haka Ɗanlami. Kowace shekara Kwami kan bi su ɗaya ɗaya, ya hau moto har garuruwan Gabi da Sarkin Yamma, ya tambayi tsofaffi, ya daidaita suna da takarda.

Anasara bai san da wannan ba. Ya ɗauki rajistar aji ya kwafe sunaye da kyakkyawan rubutu, ya aika.

Ranar da aka liƙa sunayen masu zama jarrabawa, Rabi'u yana hanyar Ɗan Isa. Lantana ta kira shi a waya.

"Baba, ban ga sunana ba."

"Ki sake dubawa."

"Na duba sau huɗu. Mu goma sha bakwai ne."

Ya sauke fasinja a tsakiyar hanya, suna zaginsa, ya juya kan mota. Bai tsaya ba sai biron jarrabawa. Ma'aikacin ya jawo wani ƙunshi ya buɗe a gabansa.

"Suna daban, takardar haihuwa daban. Mun mayar muku don ku gyara, kuka sake turo su yadda suke. An ruhe yau kwana goma sha biyu."

"Ranka ya daɗe, yarinya guda ce. Ni na haihe ta."

"Na yarda. Amma sunaye sun riga sun tahi sama." Ya ɗago kai. "Wai ina ɗan Togon nan naku? Shi kafin mu buɗe ƙofa yake zuwa. Shekara tara ba mu taɓa mayar mishi da dosiye ba."

A waje Rabi'u ya daɗe yana kallon lambar Kwami kafin ya danna.

"Mushe, ni ne Rabi'u."

"Na gane. Da wane suna aka rubuta ta?"

"Lantana."



"Sai baɗi, Malam Rabi'u. Ka ce mata kada ta ajiye lissafi. Tana da basira."

Ya kashe wayar.

A gida Rabi'u ya tarar da Lantana zaune a tabarma, littattafanta a ɗaure da igiya. Ba ta yi kuka ba. Ba ta gaishe shi ba.

"Baba, Mushe Kwami ya san sunana na gaskiya tun ina ajin farko. Mi ya yi muku?"



Cikin yaran goma sha bakwai, shida ne kawai suka koma aji da shekara ta zagayo. Sauran, wasu sun tsallaka Najeriya cin rani, wasu suna gona. Lantana tana cikin shidan, amma ta daina nuna wa ubanta sakamako.

Jama'a, fata ba ta koyar da yaro. Baƙon da ya zauna cikinmu ya san 'ya'yanmu, mu auna shi da aikinsa. In muka auna shi da launinsa, 'ya'yanmu ne za su ɗauki hukuncin.