Tulun da Aka Kife a Bayan Ɗaki

Kai da kake shirin zuba wa ɓerayen lambunka guba, dakata tukuna ka ji wannan.

An yi wani mai lambu a bakin fadama, can nesa da gari, inda sai a kwana uku ba a ji sallamar kowa ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu birni, abin da ya rage masa mai numfashi a gidan wata tsohuwar kyanwa ce da marigayiyar ta raina. Da ita yake hira. In ya dama fura, sai ya zuba mata nono a kasko kafin ya kai ludayi baki. In yana ban ruwa tana kwance a kan kunya, yana ba ta labarin ciwon gwiwarsa, ita kuwa ba ta taɓa ce masa ya cika surutu ba. A shekarar nan ɓeraye suka sa dankalinsa a gaba. Ka ga kunya shar da ganye, ka tona ka tarar da ɓawo. Kyanwa ta tsufa, sai dai ta bi su da ido. To, matar tasa tana da dabararta tun tana da rai. Takan nome ciyawar gefen lambu, ta binne tulu tsakanin kunyoyi ta bar wuyansa a sama, ta zuba ruwa rabi, ta rufe ruwan da ƙaiƙayi da dusa, sannan ta jingina kara. Ɓera ya hau kara, ya leƙa ya ga abinci, ya faɗa. Kyanwa ba ta shiga bakin tulu, bushiya ba ta hawan kara, tsuntsu bai da abin nema a ciki. Amma tulun nan tun ranar da aka kai matar makwancinta yake kife a bayan ɗaki, ko kallonsa ba ya so ya yi. Ga shi kuma ɓera biyu ko uku yake kamawa a rana, shi kuwa so yake a gama da su gaba ɗaya.

Ranar kasuwa ya sayo guba, ya kwaɓa da ƙuli-ƙuli. Kada ka ce sakarai ne, ya yi hattara iyakar saninsa: ya tura can cikin ramuka da sanda, inda hannun kyanwa ba ya kaiwa, ya toshe da ƙasa. Abin da bai sani ba, ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa a rami. Ƙishirwa ke fito da shi neman ruwa, yana tangaɗi. Da hantsi sai ga tsohuwar kyanwa, wadda rabonta da kamu tun damina, tana tafe tana taƙama, ta ajiye masa ragowar ɓera a gabansa. Farin ciki ya kama shi, ya shafa bayanta ya ce, "Ashe da sauranki, tsohuwa!" Sai da ta ƙi nono da azahar hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya ɗura mata manja, ya rungume ta yana kiran sunan da matarsa ke kiranta da shi, amma kafin la'asar ta miƙe, rai ya yi halinsa. Washegari ya tsinci mushen shirwa a bakin kwari, bayan kwana biyu na bushiya. Ya binne kyanwar a gindin mangwaro shi kaɗai, ya yi kuka irin wanda ya danne ranar jana'izar matarsa saboda idon mutane.

Dankali kam ya yi a shekarar, har ya rasa buhunan zubawa. Daga baya ya je bayan ɗaki ya ɗauko tulun, ya wanke, ya binne shi yadda matarsa take yi, ya jingina kara. Tulu yana ta kamu, sai dai ba wanda zai ba labari. Har yau in ya dama fura, hannunsa kan zuba nono a kasko kafin ya tuna.

Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.