Igiyar Mai Yasar Rijiya

Ka ce ba ka ga amfanin mutumin da za ka kai wa damuwarka, maimakon ya ba ka amsa sai ya bi ka da tambayoyi ba. To gyara zama ka ji.

An yi wani mai yasar rijiya a wani gari, gadon sana'ar ya yi, don babbar rijiyar da garin ke sha ma ubansa ne ya haƙa ta. Wata rana yana can ƙasa yana aiki sai gefe ya rufto masa har ƙirji. Allah ya yi da sauran kwana aka ciro shi, jiki ya warke, amma tun daga ranar ko leƙa bakin rijiya ya yi sai tsoro ya sa ya ja da baya. Da yake shawara ba a sayenta, kowa ya kawo tasa. Wannan ya ce iska ce ta shafe shi, a yi masa turare. Wancan ya ce namiji ba ya tsoro, ya runtse ido ya faɗa kawai, alhali shi mai maganar ko ramin shuka bai taɓa shiga ba. Wasu suka ce ya bar sana'ar ya kama tallan albasa. Ya yi turaren, ya runtse idon, ya taɓa tallan, duk a banza. Ana haka rani ya tsananta, babbar rijiya ta cushe, guga sai laka yake kwasowa. Dattawa suka ce in kasuwa ta zagayo bai shiga ba, za a ɗauko baƙo daga wani gari ya yashe rijiyar ubansa yana tsaye yana kallo. Wannan magana ta fi ruftawar ƙasar yi masa ciwo.

To akwai wani makaho mai tufkar igiya a gindin tsamiya, wurinsa yake sayen igiya tun da can. Ya je ya zauna kusa da shi, ba don neman magani ba, sai don nan ne kaɗai ba a yi masa wa'azi. Makahon ya miƙa masa ramar tufka ya riƙe masa, yana tufka yana tambaya. Duhun yake tsoro? Ya ce a'a, a duhu ya girma. Ƙasar ce? Ya ce ba yau ta fara zubo masa ba. Makaho ya ce, "To a ranar nan, me ya faru da bai taɓa faruwa ba?" Makaho bai matsa masa ba, tufkarsa kawai yake yi. Can mai yasar ya buɗe baki ya faɗi abin da ko matarsa bai faɗa wa ba: da ƙasa ta fara zubowa ya girgiza igiya, ya sake girgizawa, babu kowa a sama. Mai riƙe masa ya ɗaure ta a turke ya tafi kallon faɗan raguna. Kuma mai riƙon nan wan matarsa ne, shi ya sa kara ta rufe masa baki. Da ya ji maganar ta fito daga bakinsa sai hawaye suka zubo masa, don sai a lokacin ya gane ba rijiya yake tsoro ba, igiyar da ba hannu a kanta yake tsoro.

Makaho bai ce je ka yi kaza ba. Cewa ya yi, yanzu me kake so, kuma wane ne ƙaramin abin da za ka iya yi kafin rana ta faɗi? Mutumin da kansa ya yanke. Ya tafi ya sami wan matarsa su biyu, ya faɗa masa ido da ido, bai rage komai ba. Wancan ya sunkuyar da kai ya nemi gafara. Shi dai mai yasar ya kafa sharaɗi: daga yau igiya a ƙugun mai riƙo za a ɗaura ta, ba a turke ba. Suka fara da 'yar rijiyar lambu wadda ba ta kai tsayin mutum biyu ba, gobe wadda ta fi ta, kullum ya dawo gindin tsamiya makaho ya tambaye shi yaya ta kasance, me ya rage. Ranar da ƙafa ta ƙi, makaho bai zage shi ba, bai kuma lallashe shi da ƙarya ba, ya ce gobe da wane lokaci za ka koma?

Ranar kasuwa gari ya taru a bakin babbar rijiya. Ya ɗaura igiya, ya dubi ƙugun wan matarsa, ya yi bisimilla ya sauka. Da ya kai tsakiya ya girgiza igiyar don ya gwada, nan take aka amsa masa daga sama. Daga nan laka ta yi ta fitowa guga bayan guga, har idon ruwa ya buɗe, ruwa ya taso masa har gwiwa. Ya fito jiƙe sharkaf yana dariya, mata suna guɗa, yara suna rige-rigen shan ruwan da bai ma kwanta ba. Mutane suka yi caa kan makaho a faɗa musu sirrin maganin. Ya ce, "Ni da ko bakin rijiyar ban taɓa gani ba? Maganin a cikinsa yake, ni dai na zauna ne har ya fito da shi."

Ka ga duk garin sun hau rufi da bunu a hannu suna ta liƙe inda ba ya zuba, mutum ɗaya ne ya tsaya ya tambayi mai kwana a ciki. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.