Gayyar Ganuwar Skarvdal

Tarakta ta maƙale a caɓi, Torleif ya diro daga kanta yana zagin mutanen Oslo, babban birnin ƙasar, sai ka ce su suka yi ruwan saman. Babu wanda ya ba shi haƙuri. A satin nan, ko kofi ne ya huce a ƙauyen Skarvdal, laifin mutanen Oslo ne.

Wani ne ya buga wa 'yan sanda waya bai faɗi sunansa ba, ya ce ganuwar ƙasar da ke tare harsashi a filin harbin ƙungiyar ƙauyen ta zaizaye. Suka zo suka auna, suka ɗaure ƙofar filin da sarƙa. Ko a sake gina ganuwar kafin kaka, ko a rufe filin gaba ɗaya. In babu fili kuwa babu gwajin harbi, in babu gwaji ba mai shiga daji farauta bana, sai dai ya tsallaka dutse zuwa wani gari ya bi layin gwaji kamar baƙo.

Abin da kawai ya fito daga bakin 'yan sanda shi ne mai wayar mace ce, kuma tana magana irin ta birni. Wannan ya ishi kowa. Gangaren da ke saman ƙauyen cike yake da gidajen hutu na katako, masu su 'yan Oslo ne, sukan zo ƙarshen mako da motoci masu sheƙi, suna yamutsa fuska in sun ji ƙarar bindiga.

Gunvor Hovde ce shugabar ƙungiyar. Ubanta da abokansa suka tara ganuwar nan da shebur tun ba a haife ta ba, kuma rabin maharban kwarin ita ta koya musu riƙon bindiga. Duk bazara sai ta kira gayya a gyara ganuwar, duk bazara sai a wayi gari kowa na da ciwon baya ko bikin suruki. Har suna suka sa mata, wai Uwar Shebur.

A taron da aka yi bayan rufe filin, ɗakin ya cika har ƙofa. Torleif ya kawo shawarar a hau gangaren nan gida-gida a gano mai dogon bakin. Gunvor ta buga tebur.

"Ba wanda zai taka ƙofar kowa. So kuke a ce ga shi nan, ƙauyawa da bindiga? Sun ce ba za mu iya ba. Ku fito Asabar da abin da kuke da shi, mu ba su kunya."

Suka fito kuwa. Masu ciwon baya suka warke. Manoma suka baro ciyawa a yanke, malamar makaranta ta zo da baro, wani tsoho da ya shekara bai fita daga gida ba ya sa aka ajiye masa kujera yana ba da umarnin da ba mai bi. Motar yashi ta farko ta iso tun kafin a gama shan kofin safe, aka yi ta yaba wa mai yashin da saurin aiki.

Aikin bai da daɗi. Gumaguman da ke riƙe da ƙasar sun ruɓe, hannu kawai ke farfasa su. Aka tankaɗe tsohuwar ƙasar aka fitar da dalmar harsashi bokiti-bokiti, kowa ya ga da idonsa yadda ganuwar ta lotsa ta hagu. Bayan wurin da ya lotsa kuwa sai hanyar da 'yan makaranta ke bi zuwa tafki. Torleif ya tsaya ya dubi hanyar, ya share gumi, ya ce duk da haka ba hurumin 'yan birni ba ne. Aka ce ƙwarai.

Gunvor ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Da aka kai tsayin da 'yan sanda suka nema, mutane suka fara jingine shebur, ta ce a ƙara wa hagu. Aka yi gunaguni. Ta nuna gangaren da haɓa, inda wata mata ke tsaye a baranda da kofi a hannu tana kallonsu.

"Ga ta can tana jira ku gaji."

Ba a sake jin gunaguni ba. Matar ta ɗaga musu hannu, ba wanda ya amsa, Gunvor kuwa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da zuba yashi. Asabar bayan Asabar suka yi ta yi, a ruwa da sauro, da wainar fulawa da cuku a aljihu, har ganuwar ta fi ta iyayensu tsayi da kauri.

Ranar dubawa aka turo Eilif, ɗan sandan yankin, ɗan ƙauyen ne da ya tashi a filin nan. Ya auna, ya zagaya, ya hau ya sauko, sannan ya kwance sarƙar. Torleif ya ɗana harsashi ya buga na farko, ya juya wajen gangaren ya cire hula ya rusuna musu da izgili. Ihu ya tashi. Gunvor ta ji hawaye na neman zubo mata, ta yi maza ta raka Eilif mota.

Ya shiga ya tayar, sai ya sauke gilashi ya dube ta. Ya waiga ya tabbatar ba kowa kusa.

"Aiki ya yi kyau, Malama. Amma in za ki sake bugo mana waya, don Allah ki bar kwaikwayon maganar 'yan Oslo, shekara nawa muryar nan tana yi mini tsawa a kunne."