Ragowar Ruwan Kwano

Mudi ya dawo daga Legas da agogo da rediyo mai kaset, duk Tudun Wada aka ce Larai ta dace. Da la'asar ya zo zance, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwan randa.

Ya sha rabi. Ta ɗauki kwanon za ta watsar da ragowar a ƙofa, sai ya yi wuf ya riƙe shi.

"Kar ki zubar!"

Ta dube shi. Ya saki kwanon a hankali.

"Sabo ne," ya ce. "Can saye muke yi."

"Har ruwa, Malam Mudi? To ɗakin da za ka kai ni fa?"

"Da abokan aiki muke ciki tukuna. Amma albashina ya ninka na nan."

Larai ta dubi tulin doyar da babanta ya kawo daga Gwada, wadda har maƙwabta ake ɗibar wa.

"Baba yana jiran amsata."

"Me za ki ce masa?"

Ta miƙa masa kwanon.

"Shanye, na nan kyauta ne. Ranar da ka dawo garin da ake zubar da ragowa, ka zo ka ji."